Alƙahira da Baƙinta: Daga Wakalar Fatake Zuwa Otal-otal na Bakin Nilu

A cikin garuruwan ƙasashen waje da mutanenmu ke yawan zuwa, Alƙahira na sahun gaba. Wani asibiti ne ya kai shi, wani ya je duba ɗansa da ke karatu a Azhar, wani sarin kaya, wani kuma zango kawai ya yada a hanyarsa ta Umara. Daga Legas tafiyar awa biyar da 'yan kai ce a jirgin sama, akwai kuma jirgi kai-tsaye daga Abuja da Kano. Abin takaicin shi ne, mutum zai samu rarar kwana uku ko huɗu a wannan birni, ya ƙarar da su a gidan haya a Madinatu Nasr, daga ɗaki sai kanti, daga kanti sai ɗaki. In ya dawo aka tambaye shi yaya Masar, sai ya ce cunkoso ne kawai da ƙarar motoci. Bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ke nan daga inda aka sauke shi. Madinatu Nasr unguwa ce da aka yanka a cikin hamada a zamanin Jamal Abdul Nasir, shekarunta sittin da ɗoriya. Birnin da ya je kuwa ya haura shekara dubu, kuma tun farkonsa gari ne da ya saba da baƙo: ya san inda zai kwantar da shi, ya san abin da zai nuna masa.

Alƙahira garuruwa ne da aka jera kusa da juna, kowane mai mulki ya zo ya gina nasa a gefen na wanda ya gada. Sahabi Amru ɗan Asi, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya kafa Fusɗaɗ bayan buɗe Masar a wajen shekarar 641, masallacinsa na nan har yau. Ahmad ɗan Ɗulun ya matsa arewa kaɗan ya gina nasa garin, aka gama babban masallacinsa a 879. A shekarar 969 ne Jauhar, kwamandan rundunar Fatimiyyawa, ya zagaye wani fili da ganuwa ya kafa birnin da aka sa wa suna Alƙahira, a 970 aka aza tubalin Azhar, halifansu Mu'izzu ya iso a 973. Salahuddin ya kawo ƙarshen mulkinsu a 1171, ya fara gina babbar ganuwar nan ta kan dutse da ake kira Ƙal'a a 1176. Sai Mamalik, bayin da aka sayo aka horar da su yaƙi har suka zama sarakuna, suka riƙe ƙasar daga 1250 zuwa 1517, lokacin da Turkawa suka karɓe. Yawancin gine-ginen da ke sa baƙo ya tsaya ya ɗaga kai a tsohon gari nasu ne.

A wannan zamani na Mamalik, da ma kafinsa kaɗan, mutanen ɓangarenmu na duniya sun riga sun san hanyar Masar. Masanin tarihin birnin, Maƙrizi, ya kawo cewa alhazan Kanem sun ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ kuɗi a shekarun 1240 aka gina makaranta a Fusɗaɗ, ta mazhabar Malikiyya, wadda ta zama wurin karatu kuma masaukinsu in sun zo wucewa, kuma sun riƙa aiko mata da kuɗi daga gida. Wato kusan shekara ɗari takwas da suka wuce, mutanen yankin Tafkin Chadi sun yi abin da ƙungiyoyinmu ke ta fafutukar yi a yau, sun mallaki gidan saukar baƙinsu a ƙasar wasu. A Azhar ma akwai ɓangarori na kwanan ɗalibai da ake kira riwaƙi, kowace ƙasa da nata, cikinsu har da na Barnawa. Mansa Musa na Mali ya ratsa a 1324, ya sauka a yankin Ƙarafa, ya gana da Sarki Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa, aka daɗe ana labarinsa. A da Misirawa na kiran duk mutanen yammacin Afirka Takarir, daga sunan Tukururu, kuma unguwar nan mai cunkoso ta Bulaƙ Dakrur da ke Giza daga nan ta samo sunanta, saboda wani shehi Batukururi da ya zauna a wurin. Imam Suyuɗi, wanda almajiranmu ke karanta tafsirin Jalalaini da ya kammala, a Alƙahira ya rayu ya rasu a 1505, kuma ya taɓa rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Kabarinsa na wajen ƙofar Ƙarafa, ƙasa da Ƙal'a.

To, falke da ya iso da ayarinsa a wancan zamani, ina yake sauka? Akwai sunaye uku da ake kiran masaukin fatake da su: han, funduƙ da wakala. Kalmar funduƙ ita ce Larabawa ke kiran otal da ita har gobe. Wakala kuwa ta fi yawa a Masar, kuma tsarinta kusan ɗaya ne ko'ina. Gini ne mai kusurwa huɗu da ƙofa ɗaya babba wadda raƙumi da kayansa zai iya shigewa, ana kulle ta da dare. A tsakiya akwai fili, a nan ake sauke kaya a yi ciniki. Ɗakunan ƙasa sito ne na ajiye haja, kowane falke ya kama nasa ya sa kwaɗo. Hawa na sama kuma gidajen kwana ne na haya, da matakalarsu dabam daga titi, don kada masu kwana su riƙa ratsa 'yan kasuwa. Akwai mai gadi, akwai mai awo, akwai dillalai, kuma hukuma ta san cewa a nan za ta samu harajinta. Sau da yawa kowace wakala da irin hajarta da irin mutanenta: ta sabulu, ta man zaitun, ta masu zuwa daga Sham, ta jallaba masu zuwa daga ƙasashen Sudan.

Duk wanda ya tashi a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko wani zango na kudu, wannan tsari ba baƙonsa ba ne. Shi ne dai maigida da baƙinsa: ya ba falke wurin kwana, ya ajiye masa shanu ko goro, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ci bashi. Bambancin kawai shi ne na Masar an gina shi da dutse, kuma mafi yawansa wakafi ne. Misali mai kyau shi ne wakalar Sarki Ƙaitbai da ke jikin Babun Nasr. Ya je hajji a 1480, ya ga irin talaucin da mutanen Madina ke ciki, da ya dawo sai ya gina ta a 1481, ya ce kuɗin hayarta a riƙa sayen hatsi ana aika wa matalautan birnin Manzon Allah (SAW). Falke na biyan kuɗin ɗaki a Alƙahira, wani na cin abinci da shi a Madina. Mu dai a ganinmu, masu kuɗinmu da ke gina otal-otal a yau suna da abin dubawa a nan.

Wadda ta fi saura kyau a yanzu ita ce wakalar Sarki Ghuri, da aka gina a 1504 zuwa 1505, 'yan taku kaɗan daga Azhar. Hawa biyar ce, da tagogin katako masu ƙananan ramuka da ake kira mashrabiyya, waɗanda ke barin iska ta shiga, mace ta ga waje ba a gan ta ba. An mayar da ita wurin masu sana'ar hannu, kuma a filinta masu rawar tannura, masu juyi da faffaɗan siket mai launi-launi, suka saba yin wasansu da dare. Kasuwar Hanul Halili da kowa ke zuwa sayen tsaraba ita ma masaukin fatake ce tun asali. Wani amir mai suna Jaharkas Halili, shugaban bargar Sarki Barƙuƙ, shi ya gina ta a shekarun 1380, a kan maƙabartar halifofin Fatimiyyawa. Maƙrizi ya ce ya sa an kwashe ƙasusuwansu an zubar a juji bayan gari. Mutum na tsaye yana taya turare, bai san a kan me yake tsaye ba.

Bukukuwan birnin ma da matafiya suke da alaƙa, musamman mafi girmansu, wato fitar Mahmal. Ɗaruruwan shekaru a Masar ake saƙa rigar Ka'aba, kuma daga Alƙahira babban ayarin alhazan Masar da na arewa da yammacin Afirka ke tashi. Mahmal wani ɗan ɗaki ne na katako mai tsinin kai, an lulluɓe shi da alharini mai aikin zinariya, ana ɗora shi a kan zaɓaɓɓen raƙumi. Ba kowa a cikinsa. Alama ce ta sarautar mai Masar da kuma cewa shi ne ke kula da hanyar hajji. Sarki Baibars ne aka fara rubuta cewa ya aika da shi, a 1266. Sau biyu ake zagaya gari da shi a shekara: a watan Rajab, don sanar da jama'a cewa hanya lafiya, mai niyya ya fara shiri, sai kuma a Shawwal in ayari zai tashi. Ana yin shela tun kwanaki kafin ranar, masu shaguna su ƙawata ƙofofinsu, mutane su kwana a bakin hanya don kama wuri. Manyan alƙalan mazhabobi huɗu na hawa, shugabannin sana'o'i na bi, mahaya dawaki sanye da jajayen kaya na wasa da masu a filin da ke ƙasan Ƙal'a. Ibn Baɗuɗa, da ya zo birnin a 1326, ya ba da labarin wannan rana. Daga nan ayari ya taru a Birkatul Hajj a arewa maso gabashin gari, ya ratsa Sinai zuwa Aƙaba, ya gangara gefen Bahar Maliya, tafiyar fiye da wata guda kafin Makka. Raƙumin da ya ɗauki Mahmal ya je ya dawo kuwa ya huta ke nan, ba a sake ɗora masa kaya.

Wannan al'ada ta kai ƙarni na ashirin. Muhammad Ali, wanda ya mulki Masar daga 1805, ya ware wa saƙar rigar gida na musamman a unguwar Hurunfish. Abin ya fara lalacewa ne a hajjin 1926, bayan Sarki Abdul'aziz ya karɓi Hijaz. Mayaƙansa na Ihwan sun ɗauki Mahmal da busa da kiɗan da ke rakiyarsa a matsayin bidi'a, aka yi arangama da sojojin Masar a Mina har aka rasa rayuka. Shekara ta gaba Sarkin ya buɗe masaƙar rigar Ka'aba a Makka. An ci gaba da zagayawa da Mahmal a titunan Alƙahira har farkon shekarun 1950, rigar Masar kuma ta daina zuwa a farkon shekarun 1960. Mai son ganin yadda abin yake, sai ya je sabon gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, inda aka ajiye Mahmal da sassan tsohuwar riga. Can ne kuma aka kai gawarwakin Fir'aunoni 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, a wani gagarumin jerin gwano ranar 3 ga Afrilu, 2021.

Biki na biyu ya girmi Musulunci a ƙasar, shi ne na cikar Kogin Nilu. Masar ba ta da damina irin tamu. Ruwan da ake yi a tsaunukan Habasha ne ke gangarowa, kogi ya cika ya malale gonaki a watan Agusta da Satumba, ya bar musu laka mai albarka. In bai cika ba, yunwa; in ya wuce kima, ɓarna. Saboda haka a shekarar 861, bisa umarnin Halifa Mutawakkil na Abbasiyawa, aka gina ma'aunin ruwa a ƙarshen tsibirin Rauda: rijiya ce mai matakala, da ginshiƙin dutse a tsakiya da aka yi wa tsaga-tsaga kamu-kamu. Kamu 16 ake jira. Kullum masu shela na bin unguwanni suna faɗin yatsu nawa ruwa ya ƙaru, domin farashin hatsi da harajin gona duk a kan wannan lissafi suke. Ranar da ya kai, sarki ko wakilinsa ya zo a shafe ginshiƙin da za'afaran da turare, sannan a shiga jiragen ruwa a je bakin babbar magudanar da ta ratsa gari, wadda ake kira Halij, a fasa madatsar ƙasar da aka toshe ta da ita. Ruwa ya kwararo cikin birni, ya cika tafkuna irin su Azbakiyya, a kwana ana yawo a kwale-kwale da fitilu. Musulmi da Kirista duk nasu ne. Da yawanmu mun ji riwayar da ke cewa kafin zuwan Musulunci ana jefa budurwa a kogin, har Sayyidina Umar ya aiko da takarda aka jefa a madadinta. A littattafan tarihin Masar na farko aka kawo ta, kuma a kan wannan cika ta kogi take magana.

An cike Halij da ƙasa a ƙarshen shekarun 1890 aka shimfiɗa titi a kai, shi ne titin Port Said na yanzu. Babbar madatsar Aswan da aka gama a 1970 ta tsayar da ambaliyar gaba ɗaya. Sunan bikin, Wafa'un Nil, ya saura, ana tunawa da shi daga 15 ga Agusta, amma ba wani abin da za a ce mutum ya yanki tikiti dominsa. Ma'aunin dai na nan a Rauda, ana shiga a sauka har ƙasa.

Waɗanda ke da rai har yanzu su ne maulidai. Fatimiyyawa ne suka mayar da maulidi bikin hukuma, kuma ana danganta musu al'adar alewar maulidi da har yau ke cika titunan birnin a Rabi'ul Awwal: 'yar tsana ta sukari da suke kira amarya ga 'yan mata, doki da mahayinsa ga samari, da alewar riɗi da ta gyaɗa. Amma taron da ke girgiza gari shi ne na Sayyidina Husaini da na Sayyida Zainab. Misirawa sun yi imani cewa kan Husaini na binne a masallacin da ke fuskantar Azhar, an kawo shi daga Askalan a 1153 don gudun kada 'yan Salibiyya su kai gare shi. Ginin masallacin na yanzu na shekarun 1870 ne. Maulidinsa kan kai ƙololuwa a Talatar ƙarshe ta Rabi'us Sani, na Sayyida Zainab kuma a Talatar ƙarshe ta Rajab, daren da suke kira Lailatul Kabira. Mutanen karkara, musamman daga kudancin ƙasar, kan zo tun mako guda kafin nan, kowace ɗariƙa ta kafa rumfarta, ana zikiri, ana waƙen yabo, ana ba duk wanda ya zauna shayi da abinci kyauta. Mun san malamanmu sun yi saɓani a kan maulidi da ziyarar kaburbura, a cikin wannan ƙungiya ma akwai kowane ɓangare, kuma ba nan ne wurin wannan muhawara ba. Abin da ya shafi matafiyi shi ne: wanda ke so ya gani ya san lokacin, wanda ba ya so ma ya san lokacin, domin a wannan mako unguwar ba ta shiguwa da mota, kuma barci sai wanda ya yi nisa da filin.

Azumi ma biki ne a can. Fitilun Ramadan na tagulla da gilashi masu launi, da ake cewa sun samo asali daga daren da jama'a suka fita tarbar Mu'izzu riƙe da fitilu, igwar da ake bugawa a sha ruwa, da dogayen tebura na ciyarwa a bakin titi da ake kira Mawa'idur Rahman, inda baƙo zai zauna ba mai tambayarsa daga ina. Akwai kuma Shammun Nasim, Litinin da ke bin Istar Kiristocin Ƙibɗawa, ranar da kowa ke fita lambu da ƙwai mai launi, da albasa, da wani kifi mai gishiri da ake kira fasih. Shawararmu a kan kifin nan: a kalla kawai.

Otal irin wanda muka sani a yau Turawa ne suka kawo shi, kuma hanyar Indiya ce ta jawo. Kafin a haƙa mashigin Suwez, Baturen Ingila mai zuwa Indiya kan sauka a Iskandariyya, ya zo Alƙahira, ya ratsa hamada zuwa Suwez ya hau wani jirgin. Yana buƙatar gado da abinci irin nasa. A farkon shekarun 1840 wani Bature mai suna Samuel Shepheard ya shiga wannan sana'a a Azbakiyya, tafkin nan da muka ambata wanda a lokacin aka fara cike shi ana mayar da shi lambu. Daga baya otal ɗinsa ya koma wurin fadar da Napoleon ya zauna lokacin da Faransa ta mamaye Masar a 1798. Shekara ɗari barandar Shepheard ce wurin da hafsoshin Ingila da attajirai da masu yawon buɗe ido ke zama suna kallon masu wucewa. A wakala, falke da mai gari a fili ɗaya suke ciniki. A nan kuwa ɗan ƙasa sai dai ya shigo a matsayin mai hidima, ko in shi fasha ne.

Wanda ya sauya fuskar birnin shi ne Hidiwi Isma'il, jikan Muhammad Ali. Ya je baje kolin Paris a 1867, ya dawo da niyyar gina irinta tsakanin tsohon gari da kogi kafin bikin buɗe mashigin Suwez a watan Nuwamba 1869. Unguwar da ake kira Wasɗul Balad, mai faffaɗan tituna da shataletale, ita ce sakamakon. Ya gina fada a tsibirin Jazira don saukar Eugenie, matar Sarkin Faransa, ya gyara hanya har zuwa dalar Giza don baƙinsa su je a keken doki. A wannan shekarar ce kuma Thomas Cook ya fara kawo ayarin 'yan yawon buɗe ido su hau Nilu. Duk da bashi aka yi wannan ƙawa. A 1876 ƙasar ta kasa biya, a 1879 aka tuɓe Isma'il, a 1882 sojan Ingila ya shigo. Fadojinsa suka koma masaukin baƙi: ta Jazira ita ce otal ɗin Marriott na Zamalik a yau, gidan hutunsa na gindin dala kuma ya zama Mena House a shekarun 1880, inda aka yi harkokin taron Churchill da Roosevelt da Chiang Kai-shek a 1943. A 1910 aka buɗe wani katafaren otal a sabuwar unguwar Heliopolis, wanda yanzu shi ne fadar shugaban ƙasa ta Ittihadiyya.

Mutanen gari ba su manta da wanda ke zama a waccan baranda ba. Ranar 25 ga Janairu, 1952, sojojin Ingila suka kai hari kan 'yan sandan Masar a Isma'iliyya suka kashe kusan 50. Washegari aka cinna wa ɗaruruwan gine-gine wuta a tsakiyar Alƙahira, sinimomi da mashaya da bankuna da kantunan Turawa, Shepheard ya ƙone ƙurmus. Bayan wata shida sojoji suka kawar da Sarki Faruƙ. Daga nan manyan otal-otal suka koma bakin kogi. An gina sabon Shepheard a can a 1957, a 1959 kuma aka buɗe Nile Hilton a daidai inda barikin sojan Ingila yake a da, kusa da filin Tahrir, wanda yanzu ake kira Nile Ritz-Carlton.

Wannan tarihi shi ne taswirar mai neman masauki. Wanda tsohon gari ya kawo shi, wato Azhar da Husaini da titin Mu'izzu mai tsawon kusan kilomita ɗaya tsakanin Babul Futuh da Babu Zuwaila, ya fi masa ya sauka a Wasɗul Balad ko kusa da Tahrir. Tsakaninsu bai wuce kilomita uku ba, ga jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya fara aiki tun 1987, mai taragu na mata zalla, ga tsohon gidan tarihi na 1902 a bakin filin. Sai dai a lura: da yawa daga ƙananan otal-otal na wannan unguwa hawa ɗaya ne ko biyu a cikin tsohon bene na zamanin Turawa. Hoton ɗakin zai yi kyau a intanet, amma a tambaya hawa na nawa ne, kuma lif na aiki, musamman in da dattijo ko marar lafiya a tafiyar. Zamalik ta fi shiru da bishiyoyi, ta fi kuma tsada. A otal-otal na bakin kogi, ɗakin da ke kallon Nilu da wanda ke kallon bayan gari kuɗinsu ba ɗaya ba ne, a tabbatar wanne aka biya. Da yawa daga manyan suna da mashaya da gidan caca a ciki, mai iyali ya sani tun kafin ya isa. A kuma tambaya ko farashin da aka faɗa ya haɗa da haraji da kuɗin hidima, don a kan ɗora su a ƙarshe.

Gindin dala wuri ne na kwana ɗaya. Akwai ƙananan masaukai a Nazlatus Samman da mutum zai hau rufin ya ga dala uku a gabansa, ga sabon babban gidan tarihi a kusa, amma wanda ya tare a can kwana huɗu zai ƙarar da rabin hutunsa a cikin mota. Madinatu Nasr da Heliopolis kuwa suna da amfaninsu, ba mu raina su ba: kusa da filin jirgi, kusa da asibitoci da yawa da jami'ar Azhar ta zamani, ga 'yan uwa ɗalibai da za su yi wa mutum tafinta, ga gidan haya mai kicin ga wanda zai daɗe yana jinya. In dillali ne zai samo gidan, kada a biya kuɗin mako kafin a gan shi da ido. Wanda ya sauka a can, ya ware safiyar Juma'a, lokacin da tituna ke zama fayau, ya shiga tsohon gari da wuri, ya zagaya wakalar Ghuri da titin Mu'izzu, ya yi salla a Azhar ko Husaini, da yamma ya hau lambun Azhar da aka buɗe a 2005 a kan tsohon jujin birnin, daga nan zai ga hasumiyoyin duka a jere har Ƙal'a.

Game da lokaci, daga Nuwamba zuwa Maris ne yanayi ke da daɗi, har da sanyin da ke buƙatar rigar sanyi da dare. A ƙarshen Janairu kuma ake babban baje kolin littattafai da aka fara tun 1969, wanda malamai da ɗalibanmu ba sa so ya wuce su. Daga Maris zuwa Mayu akwai iskar hamasin mai ƙura da zafi, Yuni zuwa Agusta kuwa rana ce tsagwaronta. Maulidai da azumi na bin watan Musulunci, suna matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, saboda haka a duba kalandar Hijira kafin a yanki tikiti, a kuma kama ɗaki da wuri, don masaukan kewayen Husaini da Sayyida Zainab kan cika tun kafin makon ya kama. A nemi biza tun daga gida, kuma kada a manta da katin rigakafin shawara, ana tambayar matafiyan Najeriya shi a filin jirgi.